Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sa wa tsohuwar kwamfutar tebur SSD

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke aiki a shagunan buga takardu, ofisoshin makarantu da cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB ba a kwali aka sayo su ba. Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka ne suka more su na wasu shekaru, suka sauya, aka yi lodinsu zuwa Legas, daga Computer Village ta Ikeja suka bazu har titin Beirut a Kano da sauran kasuwanni. Irin su Dell OptiPlex ne, da HP Compaq Elite, da Lenovo ThinkCentre. Injuna ne masu ƙwari da jure wahala, amma kuka ɗaya ake yi da su: nauyi. Kafin Windows ta gama tashi mutum ya gaji da zama, a danna Word a yi ta jira, ga kwastoma a tsaye yana duba agogo.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a yi fomat, ko a ƙara RAM, ko a sayar a nemo wata. Sau da yawa kuwa cutar a wuri guda take, wato faifan da ke ajiye bayanai. Sauya shi da SSD shi ne gyara mafi tasiri da za a yi wa irin wannan kwamfuta da kuɗi kaɗan. Sai dai kasuwar cike take da lambobi masu ruɗar mai saye, da kaya iri-iri da ba kowace kwamfuta ke karɓa ba.

## Me ke sa tsohuwar kwamfuta nauyi?

Ɗauki Dell OptiPlex 7010, wadda ta fito a 2012 kuma har yau ba ta ɓace a kasuwa ba. Da yawansu suna zuwa da furosesa Core i5-3470, mai injinan lissafi huɗu a cikinsa, kowanne yana bugawa sau biliyan 3.2 a sakan guda. Wannan ya ishi aikin Word da Excel da shiga intanet, har da ragowa. Abin da ke riƙe masa ƙafa shi ne faifai mai juyawa, wanda ake kira HDD.

A cikin akwatin HDD akwai fayafayan alminiyam da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, da wani siririn hannu mai allurar karatu a bakinsa. Tsari ne daɗaɗɗe. Tun 1956 kamfanin IBM ya fito da na farko, mai fayafayai 50 da ke ɗaukar haruffa miliyan 5 kacal. An ƙanƙanta shi, an ninka abin da yake ɗauka sau dubun dubata, amma har gobe sai hannun ya motsa, faifan kuma ya juyo, kafin a karanta komai.

Faifan kwamfutar tebur yakan juya sau 7,200 a minti, wato sau 120 a sakan. Idan aka nemi wani guntun bayani, hannun zai ɗauki kamar milisakan 8 ko 9 kafin ya kai layin da bayanin yake, sannan ya jira kamar milisakan 4 faifan ya juyo da wurin. Jimilla milisakan 12 zuwa 13 ke nan, milisakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A ido wannan ba a bakin komai yake ba. Amma in ka lissafa, za ka ga a sakan guda faifan ba zai ɗauko fiye da guntaye 80 zuwa 100 da ke warwatse ba, alhali tashin Windows kaɗai na buƙatar dubban ƙananan fayiloli daga wurare daban-daban.

Lamarin kamar ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari mai saurin ciniki da lissafi, amma duk turmin atamfar da aka tambaya sai ya aiki yaro sito ya ɗauko, ɗaya bayan ɗaya. Komai hanzarin maigida, tafiyar yaron ce ke yanke yawan cinikin ranar.

Kana iya tabbatarwa da kanka. Lokacin da kwamfutar ta yi nauyi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, sai ka shiga shafin Performance. Idan ka ga Disk ya maƙale a kashi 100 cikin 100 alhali CPU, wato furosesa, na ƙasa-ƙasa, faifai ne mai laifi.

## Mene ne SSD, me kuma ya bambanta shi?

SSD ba shi da wani abu mai motsi a cikinsa. Ma'ajiyarsa irin ta filash ce da katin memori na waya, wadda ake kira NAND. Injiniyan ƙasar Japan Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba, aka gabatar da ita a 1987. A 1991 kamfanin da yanzu ake kira SanDisk ya sayar da SSD mai megabayit 20 a kan kusan dala 1,000, kuɗin da a lokacin ya fi ƙarfin mai kwamfutar gida. Saukar farashi ce a hankali ta kawo shi shagunan gyara na unguwa.

A cikin NAND akwai biliyoyin ƙananan gurabu, kowanne yana riƙe cajin lantarki, yawan cajin kuma shi ke nuna bayanin da aka rubuta. Wani ƙaramin furosesa da ake kira kwanturola ke riƙe da taswirar inda aka ajiye komai. Tun da babu hannun da zai yi tafiya, lokacin ɗauko bayani ya sauko zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Inda HDD ke ɗauko warwatsattsun guntaye kamar 80 a sakan, matsakaicin SSD na ɗauko kusan 10,000.

Wannan ninki ɗari shi ne saurin da mai kwamfuta ke gani da idonsa: Windows ta tashi cikin sakanni, manhaja ta buɗe da dannawa ɗaya. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi zai hana a sayar maka da abin da ba ka buƙata. Ban da sauri, SSD ba ya yin ƙara, wutar da yake ja kaɗan ce, kuma girgiza ba ta lalata shi yadda take lalata faifai mai juyawa.

## Nau'o'i uku da za ka tarar a kasuwa

Na farko shi ne SSD na SATA mai inci 2.5. Ɗan akwati ne siriri mai kaurin milimita 7, yana amfani da wayoyi biyu irin na tsohon faifanka: ta bayanai mai haƙora 7, da ta wuta mai haƙora 15. Iyakar gudunsa kamar megabayit 550 ne a sakan, domin nan SATA III, wadda aka fitar a 2009, ta tsaya.

Na biyu shi ne M.2 na SATA. Siririn kati ne da ake sokawa kai-tsaye a babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Siffarsa daban ce, amma gudunsa ɗaya da na farko.

Na uku shi ne M.2 na NVMe. A ido kusan ɗaya yake da na biyu, amma yana bin hanyar PCIe, wadda katin hoto ke bi. An fitar da ƙa'idar NVMe a 2011 musamman domin ma'ajiyar NAND. A kan PCIe 3.0 yana kaiwa kusan megabayit 3,500 a sakan, a kan PCIe 4.0 kuma kusan 7,000.

Inda mutane ke yin asara shi ne tsakanin na biyu da na uku. M.2 sunan siffar rami ne kawai, bai faɗi hanyar da bayanai ke bi ba. Wani ramin na SATA ne kaɗai, wani na NVMe kaɗai, wani yana karɓar duka biyun. Alama mai sauƙi ita ce tsagar da ke bakin katin: na NVMe yawanci tsaga ɗaya gare shi, na SATA kuma biyu. Lambar 2280 da ake rubutawa a kwali girma take nufi, faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. Akwai kuma wani gajeren ramin M.2 a wasu kwamfutoci da aka yi domin katin Wi-Fi, SSD ba ya aiki a cikinsa.

## Wanne kwamfutarka za ta karɓa?

Shekarar ƙirarta ce babbar amsa. Nemo cikakken sunan samfurin a jikin akwatin, ka duba littafinta a shafin kamfanin, sannan ka buɗe murfi ka gani da idonka.

Kwamfutocin zamanin Core 2 Duo, da Core i3, i5 da i7 na zubi na biyu da na uku, wato har zuwa wajen 2013, SATA kaɗai gare su. OptiPlex 7010 da HP Compaq Elite 8300 suna cikin wannan rukuni. A cikinsu ma akwai bambanci. Allon da ke da guntun H61 na Intel, irin na OptiPlex 3010, duk ramukansa SATA II ne. Na 7010 yana da guntun Q77, wanda ke ba da SATA III a wasu ramuka, sauran kuma SATA II. A irin wannan allo sai ka soka SSD a rami na farko, wanda aka rubuta SATA0 a gefensa.

Tayar da Windows daga NVMe ya fara zama ruwan dare ne a allunan Z97 da H97 na 2014, ya kuma kankama daga zubi na shida na Intel a 2015. OptiPlex 7040, alal misali, tana da ramin M.2 na NVMe. Duk da haka ba kowace kwamfutar wannan zamani aka sa wa ramin ba, musamman masu araha a cikinsu.

Za a iya nuna maka adafta da ake ɗora NVMe a kai a soka a ramin PCIe na tsohuwar kwamfuta. Yana aiki, amma da sharaɗi. Windows 10 za ta ga faifan, za ka iya ajiye kaya a ciki, sai dai BIOS na kwamfutar 2012, wato manhajar cikin allo da ke fara tayar da kwamfuta, bai san yadda zai tayar da Windows daga NVMe ba. Akwai masu kutsawa su sauya BIOS ɗin ko su yi amfani da manhajar Clover a kan filash, amma kuskure ɗaya wajen sauya BIOS na iya kashe allon gaba ɗaya. Ga kwamfutar da ake neman abinci da ita, kasadar ta fi ribar yawa.

Idan kuwa ka buɗe ka ga faffaɗar waya mai kamar ɗamara da haƙora 40, wato IDE ta zamanin Pentium 4, wannan kwamfuta ta wuce a kashe mata kuɗi.

## Idan ramin SATA II ne kawai, asara ce?

Ko kusa. SATA II na iya ɗaukar megabayit 300 a sakan a rubuce, a aikace kuma kamar 270. SSD na SATA III zai shiga ramin ya yi aiki lafiya, sai dai ya rage gudu zuwa wannan iyaka.

Koma ga lissafin baya. Yawancin abin da Windows ke karantawa ƙananan guntaye ne, da yawa masu kilobayit 4. HDD mai ɗauko 80 a sakan bai kai ko rabin megabayit ɗaya a sakan ba a irin wannan aiki. SSD mai ɗauko 10,000 ya ba da megabayit 40. Arba'in ɗin nan ba ta ko kusanci iyakar SATA II ba. Ke nan a aikin yau da kullum, tsohon rami bai tauye maka kusan komai ba.

Wannan lissafi shi ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa mai NVMe na megabayit 7,000 ba ya ganin Word ta buɗe da ninki goma sha biyu a kan mai SATA. Babbar lambar da ke jikin kwali ta kwashe babban fayil guda ce a jere, kamar bidiyo mai gigabayit da yawa. A ɗauko ƙananan guntaye ɗaya bayan ɗaya, tazarar NVMe da SATA ba ta da yawa. Babban tsalle yana tsakanin HDD da kowane SSD na ƙwarai. Mai tace bidiyo ko mai kwashe manyan fayiloli kullum shi zai mori NVMe. Mai buga takardu da cike fom a intanet, SATA ya wadatar da shi.

## Wane girma, kuma wane iri?

Windows 11 na neman aƙalla gigabayit 64, kuma Windows kowace iri tana ƙara ƙiba da sabuntawa. SSD mai gigabayit 120 ko 128 kan cika da wuri. Mai 240 ko 256 shi ne mafi ƙanƙanta da ya dace, mai 500 ko 512 kuma ya fi kwanciyar hankali. Kada ka tsorata idan ka sayi mai 500 Windows ta nuna 465, ko mai 256 ta nuna 238. Kamfanoni na ƙirga da 1,000 ne, Windows kuma da 1,024.

Sai irin NAND ɗin. TLC na ajiye ɗigon bayani uku a kowane gurbi, QLC kuma huɗu. QLC ya fi araha, amma ya fi saurin gajiya, kuma yakan yi sanyi wajen dogon rubutu. Kusan duk SSD na yanzu suna ware wani ɓangare mai sauri da suke fara zuba bayanai a ciki, idan ya cika sai ainihin gudun ya bayyana. Samsung 870 QVO mai terabayit ɗaya, wanda QLC ne, yakan sauko zuwa megabayit 80 a sakan bayan wannan ɓangare ya cika, ƙasa da gudun HDD mai lafiya a dogon rubutu. Domin ɗora Windows, TLC ya fi.

Akwai kuma batun DRAM, wata 'yar ƙwaƙwalwa da kwanturola ke ajiye taswirarsa a ciki. Samsung 870 EVO da Crucial MX500 suna da ita. Kingston A400 da Crucial BX500 ba su da ita, shi ya sa suka fi sauƙin kuɗi. Masu DRAM sun fi riƙe gudu idan aiki ya yi yawa, amma marasa ita ma sun yi wa HDD fintinkau. Idan kuɗinka iya na biyun ya kai, saya ba tare da fargaba ba.

## Yadda za ka kauce wa jabu da tsoho

Araha ba ta ado. Jabun SSD iri biyu ne: wanda aka liƙa wa tambarin babban kamfani alhali kayan cikinsa na banza ne, da wanda aka yi wa dabara yana nuna terabayit ɗaya ko biyu alhali ainihin abin da yake ɗauka kaɗan ne. Na biyun ya fi muni, domin zai yi ta karɓar fayiloli yana rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar duk sun lalace.

Manhajoji biyu na kyauta sun isa gwaji. H2testw tana cika faifan da bayanai ta sake karanta su, nan take asirin girman ƙarya ke tonuwa. CrystalDiskInfo kuma tana nuna ainihin sunan samfurin, awannin da ya yi a kunne, yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa, da kason lafiyarsa. Masu Samsung suna da ƙarin hanya, domin manhajar Samsung Magician tana tantance na gaske.

SSD na hannu da aka ciro daga kwamfutocin ofis na iya zama ciniki mai kyau. Ka sa mai shago ya jona shi ka ga rahoton CrystalDiskInfo kafin ka biya, ka kuma karɓi rasit da alƙawarin canji na wasu kwanaki, domin ka samu lokacin yin cikakken gwaji a gida.

## Kwafe tsohon faifai ko ɗora sabuwar Windows?

Hanya biyu ce. Ta farko a kwafe tsohon faifan kaf zuwa SSD, da Windows da manhajoji da fayiloli, kwamfuta ta tashi kamar ba a taɓa ta ba. Clonezilla kyauta ce, Samsung na da manhajarsa ta kwafewa, Crucial da Western Digital kuma suna ba masu sayen kayansu manhajar Acronis. Sharaɗin shi ne abin da ke cikin tsohon faifan kada ya fi girman SSD. Idan faifan na kulle da BitLocker, dakatar da shi ka kuma ajiye lambar buɗewa tukuna. Wannan hanya ta dace da wanda ke da manhajar lissafin kuɗi ko direban tsohuwar firinta da zai yi wuya a sake samu. Illarta ita ce duk tarkace da ƙwayar cutar da ke tsohon faifan za su bi ka sabon gida, kuma faifan da ya fara lalacewa yakan tsaya a tsakiyar kwafewa.

Ta biyu a ɗora sabuwar Windows daga filash mai aƙalla gigabayit 8, wanda aka shirya da manhajar Microsoft ko da Rufus. Ta fi tsafta, kwamfuta kuma ta fi sauƙi bayanta. Lasisin Windows 10 na dijital yana ɗaure da madabod ne, saboda haka sauya faifai ba ya kashe shi muddin irin wadda kake da ita ka sake ɗorawa.

Kowace ka zaɓa, fara kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri daban kafin ka taɓa komai.

## Aikin ɗaurawa

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan sakanni domin sauran cajin ya fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kayan ciki, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa, jiki yana tara tartsatsin da ke iya ƙona ƙananan kayan lantarki. Tun da an buɗe, hure ƙurar da ta taru a fanka.

Mazaunin tsohon faifai na inci 3.5 ne, saboda haka SSD na buƙatar ɗan ƙarfen da ke cike gurbin, ko kuma a ɗaure shi da kyau a inda ba zai yi lilo ba. Idan kana son barin tsohon faifan a ciki, za ka buƙaci ƙarin wayar SATA. A ƙananan akwatuna masu ƙarancin wayoyi, ana iya aron na na'urar DVD idan ba a amfani da ita. Ka guji adaftocin wuta masu arha da ke mayar da tsohuwar waya mai haƙora huɗu zuwa ta SATA, domin an san wasunsu da narkewa har su kama wuta.

Kafin ɗora sabuwar Windows, shiga BIOS, a Dell da F2, a HP da F10, ka tabbatar SATA na kan AHCI maimakon IDE. Yi wannan tun farko, domin sauya shi bayan an ɗora Windows yakan jawo shuɗin allo ta ƙi tashi. Wanda ya kwafe faifai kuwa ya bar saitin yadda ya same shi. Sannan cire wayar tsohon faifan har sai an gama ɗorawa. In ba haka ba Windows na iya ajiye fayilolin tashi a tsohon, ranar da ya mutu kwamfuta ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarsa ƙalau. Bayan komai ya daidaita sai ka mayar da shi ya zama ma'ajiyar hotuna da bidiyo.

## Zai yi ƙarko kuwa?

Gaskiya ne kowane gurbin NAND na da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa. Kamfanoni na bayyana wannan da lambar TBW, wato jimillar terabayit da suka lamunce a rubuta. Samsung 870 EVO mai gigabayit 500 yana da 300. Mai rubuta gigabayit 20 kullum, wanda ya fi aikin yawancin ofisoshi, zai yi shekara 41 kafin ya kai nan. A gwajin da mujallar intanet ta The Tech Report ta kammala a 2015, an yi ta rubutu a kan SSD shida ba dare ba rana har suka mutu. Dukkansu sun wuce ɗaruruwan terabayit, Samsung 840 Pro kuma ya haura terabayit 2,400.

Kulawar da yake so kaɗan ce. Windows tun daga ta 7 tana aika masa umarnin TRIM, wanda ke sanar da shi guraben da aka goge domin ya share su tun kafin a buƙace su. Kada ka sa masa tsofaffin manhajojin jera fayiloli da ake yi wa HDD, ba su ƙara masa komai sai gajiya. Ka kuma bar kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a fili, domin SSD da ya cika maƙil yakan yi nauyi.

Abin tsoro a wajenmu shi ne wuta. Idan aka ɗauke ta yana tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa, wani lokaci har taswirar kwanturola. Hawa da saukar wutar janareta kuma na kashe akwatin wutar kwamfuta, shi kuma ya tafi da abin da ke jone da shi. Ƙaramin UPS da zai ba ka minti biyar ka kashe kwamfuta cikin natsuwa ya cancanci kuɗinsa.

Abu biyu kuma ya kamata mai ajiye takardun mutane ya sani. HDD yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, da ƙara ko nauyi, SSD kuwa yakan ɗauke ne farat ɗaya. Sannan saboda TRIM, fayil ɗin da ka goge daga kwandon shara da wuya a dawo da shi. Haka nan SSD bai dace da ajiyar shekaru a cikin durowa ba, domin cajin gurabunsa na zurarewa a hankali idan babu wuta, zafi kuma na ƙara hanzarta hakan. Kwafi na biyu a wani faifan ko a intanet wajibi ne.

## Abin da SSD ba zai gyara ba

Ba zai ƙara wa intanet gudu ba, ba zai sa wasanni masu nauyi su yi santsi ba, kuma ba zai maye gurbin RAM ba. Kwamfuta mai gigabayit 4 za ta ji sauƙi da SSD, amma da an buɗe shafuka da yawa a Chrome za ta fara numfashi sama-sama. Kai ta gigabayit 8, tsofaffin RAM na DDR3 ba su da wuyar samu.

Ba zai kuma sauya shekarun furosesa ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 a hukumance tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. OptiPlex 7010 da 7040 duk ba su cika wannan sharaɗi ba. Wanda ke shiga asusun banki ko riƙe bayanan mutane a irin wannan kwamfuta, sai ya yi tunanin Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, suna samun sabuntawar tsaro, kuma suna gudu sosai a kan SSD, muddin manhajojin da yake aiki da su suna da madadi a can.

Ga yadda lissafin yake a taƙaice. Idan kwamfutarka Core i3 ko i5 ce daga zubi na biyu zuwa sama, allonta da akwatin wutarta lafiya, sayi SSD na SATA mai gigabayit 256 ko 500 daga kamfanin da aka sani, ka gwada shi, ka kai RAM gigabayit 8. Idan tana da ramin M.2 na NVMe kuma farashin bai yi nisa da na SATA ba, ɗauki NVMe. Idan kuwa gyaran zai haɗa da sauya allo ko furosesa, tara kuɗin ka nemi ta hannu mai zubi na takwas. Ko a nan kuɗin SSD bai faɗi ƙasa ba, domin cire shi za ka yi ka mayar a sabuwar.